Cathy Dennis, matar da ta ajiye makirufo ta koma rubuta wa wasu waƙa

Wata rana da daɗewa muna zaune a tsakar gida, ƙanena ya kunna waƙar nan ta Britney Spears mai suna Toxic a waya, gogen nan mai tsini na farkon waƙar yana tashi sai yayarmu da ke tankaɗe a gefe ta ɗago kai ta ce kai Auwalu, wannan ai kiɗan Indiya ne. Muka yi ta musu da ita, mu a tunaninmu me ya haɗa baturiyar Amurka da Indiya. Ashe ita ce da gaskiya, kunnen da ya sha finafinan Indiya tun yana yaro ba ya ɓata. Bin diddigin wannan musun ne ya kai ni ga sunayen waɗanda suka rubuta waƙar, kuma a nan na fara cin karo da wani suna da tun daga ranar nake ta ganinsa a ƙasan waƙoƙin da duniya ta haddace, wato Cathy Dennis.

Mutane da yawa idan suka ji labarinta sai su ce ai mawaƙiya ce da tauraruwarta ta dusashe ta koma gefe. Ni kam ban yarda da wannan karatun ba ko kaɗan, kuma dalilina nake son in warware a nan, don sai ka gane yadda kuɗi da iko suke tafiya a harkar waƙa kafin ka gane abin da matar nan ta yi.

An haife ta ranar 25 ga Maris 1969 a Norwich, wani gari a gabashin Ingila. Tana budurwa har aiki ta yi a kamfanin inshorar nan na garinsu, Norwich Union, tana waƙa a gefe. Tana wajen shekara 17 wani matashin manaja mai suna Simon Fuller ya gano ta ya ɗauke ta, ku riƙe sunan nan don zai yi ta dawowa, shi ne daga baya ya riƙe Spice Girls kuma shi ya ƙirƙiro gasar waƙa ta talabijin mai suna Pop Idol. Ta samu kwantiragi da kamfanin Polydor, sannan a 1989 muryarta ta fito a waƙar C'mon and Get My Love ta D Mob, kiɗan rawa irin na kulob da ake yayi a Landan a lokacin. Waƙar ta tsallaka teku ta shiga goman farko a jadawalin Billboard na Amurka.

Daga nan fa abin ya buɗe. Albam ɗinta na farko, Move to This, ya fito a 1990, kuma idan ka haɗa da waccan ta D Mob waƙoƙi huɗu ne daga cikinsa suka shiga goman farko a Amurka. Just Another Dream ta kai ta 9, Too Many Walls ta kai ta 8, ita kuwa Touch Me (All Night Long) har ta 2 ta taka a 1991. A Birtaniya albam ɗin ya kai na 3. Yarinya 'yar shekara 22 daga Norwich, mai jan gashi, ana nuna bidiyonta a MTV safe da yamma. Duk wanda ya san yadda kasuwar Amurka take wahalar shiga ga mawaƙan Ingila ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da mutane ba su lura da shi ba a lokacin shi ne da hannunta a rubutun yawancin waƙoƙin albam ɗin, har da haɗa wasu a situdiyo. Fuskar ake kallo, ba wanda ya damu da ƙananan rubutun da ke bayan kwalin kaset.

To sai iska ta juya. A ƙarshen 1991 Nirvana suka fito da kiɗan jita mai kaushi, rap da R&B suka ƙara ƙarfi a Amurka, irin kiɗan rawarta ya fara zama tsohon yayi. Albam na biyu, Into the Skyline, da ta yi aiki a kansa da Shep Pettibone mutumin da ya yi wa Madonna aiki, bai yi ko kusa da na farko ba a Amurka. Na uku, Am I the Kinda Girl?, ta canza salo gaba ɗaya ta koma kiɗan jita irin wanda su Oasis da Blur suka sa ake yayi a Ingila a tsakiyar shekarun 1990, ta zauna ta yi rubutu da dattawan harkar kamar Ray Davies na The Kinks da Andy Partridge na XTC, amma kasuwa ba ta karɓa ba, ko cikin hamsin na farko bai shiga ba. Ni a ganina wannan albam ɗin da bai sayu ba shi ne makarantarta, don zama da mutum irin Ray Davies kana kallon yadda yake gina baiti ba abu ne da ake saye da kuɗi ba.

A nan ne yawancin mawaƙa suke maƙalewa, su yi ta zagayen ƙananan wuraren casu suna maimaita tsofaffin waƙoƙinsu uku har tsufa. Ita sai ta ajiye makirufo.

Yanzu bari in tsaya in yi bayanin abin da ya sa wannan shawarar take da nauyi. Duk waƙar da ka ji a rediyo dukiya biyu ce a haɗe, ba ɗaya ba. Akwai ita kanta waƙar, wato kalmomi da kari, abin da za ka iya rerawa da bakinka ko ba kiɗa, wannan na marubuta ne da kamfanin da ke kula musu da haƙƙinsu. Sannan akwai naɗin da aka yi a situdiyo, wannan sautin takamaimai da muryar wance da kiɗan wane, shi kuma galibi na kamfanin da ya zuba kuɗin naɗin ne, mawaƙi yana samun kaso ne kawai, shi ma sai bayan kamfani ya cire abin da ya kashe a kansa na bidiyo da talla da kuɗin da ya ba shi tun farko. Shi ya sa za ka ga mawaƙi ya yi suna duniya ta san shi amma a takarda kamfani na bin sa bashi.

Marubuci ba haka lissafinsa yake ba. A Birtaniya akwai ƙungiyar PRS, a Amurka akwai ASCAP da BMI, aikinsu su bi gidajen rediyo da talabijin da otal da shaguna da filayen wasa su karɓi kuɗin lasisi su raba wa marubuta gwargwadon yadda aka sa waƙoƙinsu, kuma ƙungiyoyin ƙasashe suna da yarjejeniya a tsakaninsu, in an sa waƙar a Brazil ko Japan kuɗin zai bi hanya ya iso. In wani mawaƙi ya sake rera waƙar da muryarsa, marubuci zai samu, mawaƙin farko ba shi da ko sisi. In an sa sabon rerawar a fim ko talla, haka. Kuma ga wani abu da ya ba ni mamaki ranar da na fara saninsa, a Amurka gidajen rediyo na AM da FM marubuta kawai suke biya, ba sa biyan mai murya ko kamfanin naɗi. Ma'ana duk lokacin da wata tashar FM a Texas ta sa Toxic, Cathy Dennis tana da kaso, Britney kuwa da yake babu sunanta a marubutan waƙar ba ta da komai daga wannan sakawar. Sannan a dokar Birtaniya haƙƙin rubutu yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato gado ne har jikoki.

Ba wai komai zuma ba ne fa. Da zamanin sauraro ta intanet ya zo lissafin ya karkata, binciken da wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya fitar a 2021 ya nuna kusan kashi 55 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ɓangaren naɗi, kusan 30 ga manhajar, marubuta da kamfanoninsu kuwa wajen 15 kacal, kuma wannan 15 ɗin ne mutum huɗu ko biyar za su raba. Marubutan yanzu suna kuka sosai a kan haka kuma suna da gaskiya. Ita Cathy ta yi sa'a manyan waƙoƙinta sun fito lokacin da ake sayen faifan CD da gaske kuma rediyo ke da ƙarfi.

Mu koma kanta. Simon Fuller bai yar da ita ba, da ya haɗa ƙungiyar matasan nan S Club 7 ita ce ta zama ɗaya daga cikin masu ɗinka musu waƙa. Da hannunta a Reach wadda ta kai ta 2 a Birtaniya a 2000, da Never Had a Dream Come True wadda ta kai ta 1 a shekarar kuma ta shiga goman farko a Amurka. Waƙoƙin yara ne masu sauƙi, masu sharhi ba su ɗauke su da daraja ba, amma duk wanda ya taɓa gwada rubuta amshin da ɗan shekara takwas da kakarsa za su kama a ji ɗaya ya san sauƙin nan wahala ce.

Sai babbar. Fuller ya haɗa ta da wani Rob Davis, shi ma tsohon ɗan dandamali ne, shi ke kaɗa jita a ƙungiyar Mud a shekarun 1970, aka ce su rubuta wa S Club 7 wani abu. Suka zauna a ɗan situdiyon gidan Davis, ya saki wani bugun ganga na kwamfuta mai gudun 125 a minti yana maimaita kansa, ya ɗora jita, ita kuma ta fara rera layin da ya zo mata a baki, cikin kamar awa uku da rabi sun gama har da naɗin gwaji da muryarta. Fuller ya ji ya ce ba ta dace da yaransa ba. Waƙar ta yi ɗan yawo har ta faɗa hannun mutanen kamfanin Parlophone, aka kunna wa Kylie Minogue 'yar Ostireliya, ita da bakinta ta ce ko daƙiƙa ashirin ba ta ji ba ta san tana so. Can't Get You Out of My Head kenan, ta fito a Satumba 2001, ta sayar da sama da kwafi 300,000 a satin farko a Birtaniya, ta zama ta 1 a ƙasashe wajen 40, ta kai ta 7 a Amurka inda Kylie ta fi shekara goma ba ta leƙa goman farko ba. Daga baya PRS ta ce ita ce waƙar da aka fi sakawa a Birtaniya a duk shekarun 2000. A bikin Ivor Novello na 2002, wanda shi kyautar marubuta ce zalla, kofi uku waƙar ta ɗauka.

Ka zauna ka saurari waƙar nan da kunnen mai sana'a za ka ga ba ta bi tsarin da aka saba ba na baiti, amshi, baiti, amshi. Da abin da ya fi kama kunne ta fara, wannan la la la ɗin da ba kalma ba ce balle a ce sai mai jin Turanci, shi ya sa yaro a Istanbul da yaro a Kano duk za su iya bi. Sassan waƙar suna shigowa ne kamar ana jera tubali, wani ya fita wani ya dawo, kuma karin ba ya hawa sama sosai, ba ya neman mawaƙiya ta yi ihu ko ta nuna gwaninta, daidai muryar Kylie wadda ƙarama ce mai laushi. A nan nake ganin amfanin shekarun da Cathy ta yi a gaban makirufo. Ta san inda numfashi yake ƙarewa, ta san harafin da yake daɗin ja da wanda yake shaƙe maƙogwaro, ta san abin da mutum zai iya rerawa yana rawa a gaban dubban mutane dare bayan dare. Marubucin da bai taɓa tsayawa a dandamali ba sai ya yi ta lalube kafin ya gano waɗannan.

Kuma a lura, ita da Davis ne furodusoshin waƙar, ba rubutu kawai suka yi suka miƙa ba. Furodusa a wannan harkar ba irin na fim ba ne mai zuba kuɗi, shi ne mai yanke hukuncin yadda waƙa za ta fito a kunne, wane kiɗa zai shiga, wane za a cire, sau nawa mawaƙiya za ta maimaita layi ɗaya har ya zauna, muryoyi nawa za a jera a bayan babbar murya. Wannan kujerar mata ba su cika samunta ba. Wani bincike da jami'ar Kudancin California ta fitar a 2018 kan fitattun waƙoƙin Amurka na 2012 zuwa 2017 ya samu mata kusan kashi 12 cikin 100 ne na marubuta, a furodusoshi kuwa kashi 2 kawai. To ka yi tunanin yadda abin yake a 2001. Wata waƙar da suka sake yi wa Kylie su biyun, Come into My World, ita ta ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2004.

Sai Toxic, wadda ta jawo duk wannan zancen. A Siwidin aka haɗa ta, Cathy da wasu mutum uku, Christian Karlsson da Pontus Winnberg waɗanda ake kira Bloodshy & Avant, da Henrik Jonback. Kylie aka fara kai wa ta ce a'a, sai Britney ta ɗauka ta sa a albam ɗinta In the Zone na 2003, ta zama ta 1 a Birtaniya, ta 9 a Amurka, kuma ita ce ta ba Britney Grammy a 2005, wanda har yau shi kaɗai gare ta. Gogen da yayata ta gane kuwa an yanko shi ne daga waƙar Tere Mere Beech Mein ta fim ɗin Ek Duuje Ke Liye na 1981, wadda Lata Mangeshkar da S. P. Balasubrahmanyam suka rera, kiɗan Laxmikant da Pyarelal, aka yayyanka aka jujjuya aka ƙara masa sauri. Kuma a nan dole in faɗi abin da ke raina, sunaye huɗu ne a jerin marubutan Toxic, babu na Laxmikant da Pyarelal a ciki, alhali abin da kunne ya fara kamawa a waƙar daga hannunsu ya samo asali. Ina yabon Cathy a kan an san da ita a takarda, to adalcin da nake so mata shi nake so musu.

Tsakanin waɗannan kuma akwai wani aikin da ba a cika ambata ba wanda ni a ganina ya fi nuna wayon sana'a. Da Fuller ya fara Pop Idol a 2001, sannan American Idol a 2002, da hannun Cathy a ɗan kiɗan buɗe shirin, tare da Julian Gingell da Barry Stone. Kiɗa ne na 'yan daƙiƙoƙi, amma ana sa shi a kowane shiri, kowace shekara, a ƙasashe da dama da suka sayi tsarin gasar, kuma kowace sakawa tana da lissafi. Ita ce kuma ta taya rubuta waƙoƙin farko na waɗanda suka fara cin gasar a ƙasashen biyu, Anything Is Possible ta Will Young wadda faifanta ya sayar da sama da miliyan ɗaya a sati guda, da Before Your Love ta Kelly Clarkson. A 2007 ta sake kai Sugababes ta 1 da About You Now, a 2008 kuma tana cikin mutum huɗun da suka rubuta waƙar da ta fito da Katy Perry duniya, wadda ta yi sati bakwai a saman Billboard. Saƙon waccan waƙar bai dace da tarbiyyarmu ba kuma ba na jin daɗinsa, na kawo ta ne don a ga tsawon zangon, daga 1989 zuwa 2008 matar nan tana da hannu a abin da ke saman jadawali, yayi ya canza ya fi sau nawa tana nan.

Mu da muka taso da finafinan Indiya da namu na Hausa ai mun san wani ɓangare na wannan, jarumi yana motsa baki a allo, muryar ta wani ce can a situdiyo, kuma an daɗe kafin masu muryar su fara samun sunan da ya kamace su. Amma har yanzu akwai na bayansu, yaron da ya kwana a kan piyano da kwamfuta ya haɗa kiɗan, sau da yawa kuɗin aiki ake ba shi sau ɗaya shikenan, waƙar ta yi shekara goma ana cin kasuwarta a biki da YouTube ba shi da labari. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta aiki sai an rubuta tun a situdiyo wa ya yi me, kashi nawa ne nasa, kowa ya sa hannu kafin waƙa ta fita. Takardar nan ita ce ta raba Cathy Dennis da dubban masu basira irin tata da suka tsufa ba su da komai.

A 2018 masu kyautar Ivor Novello suka karrama ta a kan tarin waƙoƙin da ta rubuta gaba ɗaya, kuma har yau ba mai yawan hira da 'yan jarida ba ce, za ta iya wucewa ta gabanka a titin Landan ba ka waiga ba. Naɗin gwajin Toxic da muryarta yana nan ya fita a intanet, na saurare shi ya fi a ƙirga, kuma abin da ke kama ni kullum shi ne yadda kusan komai yana nan tun kafin Britney ta shiga situdiyo, inda ake siririta murya a haura sama, inda ake jan numfashi, inda ake sauke kalma a hankali. Ko a wadda aka fitar ɗin ma ba a cire ta ba, sunanta na cikin 'yan amshi, in ka sa abin kunne ka nutsu wajen amshin za ka ji wata murya a bayan ta Britney tana tallafe da ita. Na kunna wa yayata gwajin kwanakin baya, ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce in nemo mata ta Indiyan ta asali ita ma ta ji.